Biyan Kuɗin Kaya da Kirifto a Cinikin Intanet: Me Aka Biya, Me Za a Mayar?

Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta kan kuɗin kirifto a fagen fiƙihu ya tsaya ne a kan tambaya guda: shin ya halatta a saye shi a ajiye ana jiran farashinsa ya tashi? A ƙarshen shekarar 2017 Hukumar Harkokin Addini ta Turkiyya ta ce mu'amala da shi ba ta dace ba a halin da ake ciki, ba da jimawa ba kuma Darul Ifta ta Masar ta haramta shi. A 2020 majalisar malaman Shari'a ta Hukumar Hannayen Jari ta Malesiya ta halatta cinikinsa a kasuwannin da aka yi wa rajista. A Nuwamban 2021 Majalisar Malamai ta Indonesiya ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi, amma ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. Shi kuwa Majma'ul Fiƙhil Islami na Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamansa na Dubai a 2019, bai yanke hukunci ba, ƙarin bincike ya nema.

Akwai mas'alar da wannan saɓani bai share ba. Mutum ya shiga kantin intanet, ya zaɓi kaya, aka ba shi zaɓi tsakanin biya da katin banki, ko tiransifa, ko Bitcoin. Wanda ya bi ra'ayin halacci yana bukatar sanin irin ƙullin da ya shiga. Wanda ya bi ra'ayin haramci ma bai tsira daga tambayar ba, domin mufti ko alƙali yana iya samun mutum biyu a gabansa bayan an riga an yi ciniki, kaya sun zo da aibi, ana jayayya kan abin da za a mayar. A nan ne bambancin hanyoyin biyan ke bayyana, kuma nan ne wannan maƙala za ta daɗe.

Yadda kuɗin ke tafiya

Idan mai saye ya biya da katin cirar kuɗi, bankinsa ne ke rage adadin daga asusunsa, kuɗin su bi ta kamfanin kati irin su Visa ko Mastercard su isa bankin mai kanti. Akwai masu tsaka-tsaki da yawa, kowannensu sananne ne, yana ƙarƙashin doka, ana iya kai ƙararsa. Bitcoin kuwa an ƙirƙire shi ne musamman domin a cire waɗannan masu tsaka-tsakin. Takardar da ta bayyana tsarinsa ta fito a 2008 da sunan Satoshi Nakamoto, sunan da ba na gaskiya ba ne, tsarin ya soma aiki a Janairun 2009. Kowace biya ana shigar da ita cikin wani kundi na bai ɗaya wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ana ƙara masa sabon shafi kusan duk minti 10. Da zarar biya ta zauna a kundin, babu banki, babu hukuma, babu ma'aikacin da zai iya soke ta.

Abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa ɗan kasuwa ba ya cika yanka farashinsa da Bitcoin. Da dala ko yuro yake yankawa. Idan mai saye ya zaɓi kirifto, wani kamfanin biya, irin BitPay, shi ke lissafa adadin Bitcoin da ya yi daidai da farashin a wannan lokacin, ya tsayar da lissafin na minti 15, ya karɓi kirifton, ya ba mai kanti dalarsa. Sau da yawa mai kanti bai taɓa riƙe Bitcoin ko na daƙiƙa ɗaya ba. Ke nan abin da ake gani kamar ciniki ɗaya a fuskar waya, ƙulli biyu ne: sayen kaya da dala, da musayar kirifto da dala.

Kuɗi ne ko haja?

Kafin a ce wani abu kan wannan musaya dole a san matsayin abin da ake musayarwa. An ruwaito a Mudawwana cewa Imamu Maliku ya ƙi a sayar da fulusan tagulla da zinariya ko azurfa bisa jinkiri, har ya nuna cewa da mutane za su mayar da fatu kuɗin da suke mu'amala da shi, da hukuncin ya hau kansu. Ma'anar wannan ita ce zama kuɗi ba ya rataya ga jinsin abu, yana rataya ga karɓuwarsa a wurin jama'a. A kan wannan tushe ne Majma'ul Fiƙhi ya tabbatar a zamansa na Amman a 1986 cewa kuɗin takarda suna ɗauke da hukunce-hukuncen zinariya da azurfa a babin riba da zakka da salam. Tarihin ƙasar Hausa ma shaida ne: wuri, wanda ake kawowa daga tsibiran Tekun Indiya, babu sarkin da ya buga shi, amma da shi aka yi ciniki aka biya haraji da sadaki shekaru aru-aru, har kalmar kuɗi kanta asalinta jam'in wuri ce.

Sai dai wuri ya kasance ma'aunin ƙima a Kasuwar Kurmi. Da shi ake faɗin tamanin kaya. Bitcoin bai kai wannan matsayi ba ko a kantunan da ke karɓarsa. Ƙasar El Salbado ta mayar da shi kuɗin hukuma a Satumban 2021, amma a farkon 2025 ta gyara dokar, karɓarsa ta zama ganin dama. Saboda haka malaman da suka halatta shi sun kasu biyu: masu ganinsa kuɗi na al'ada a tsakanin masu mu'amala da shi, da masu ganinsa haja ko haƙƙi mai ƙima. Ana iya zaton wannan saɓani ne na suna kawai. Nan gaba za a ga cewa shi ne ke yanke wanda zai ɗauki asara.

Canji a cikin ciniki

Idan aka ɗauke shi kuɗi, musayarsa da dala sarfu ne, wato canji, kuma sharaɗin canji shi ne karɓa hannu da hannu, kamar yadda hadisin Ubadatu ɗan Samitu a Sahihu Muslim ya shimfiɗa. Surar yanka farashi da wani kuɗi a biya da wani ba sabuwa ba ce. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, yakan sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, ko da dirhami ya karɓi dinari, aka ba shi izini bisa sharaɗi biyu: a yi lissafi da farashin ranar, kuma kada a rabu da saura a tsakani. Ma'abota Sunan ne suka ruwaito shi, malaman hadisi sun yi magana kan ɗaukaka shi zuwa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma jumhurun malaman fiƙihu sun yi aiki da ma'anarsa. Tsayar da lissafi na minti 15 ya cika sharaɗin farko cikawa mai kyau.

Sharaɗi na biyu ne ke da ɗan tsaiko. Tsakanin tura Bitcoin da zamansa a kundi akwai mintuna, kuma a manyan biya an saba jiran shafi shida, kusan sa'a guda. Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a gaggauta canji. Amma Majma'ul Fiƙhi, a zamansa na Jidda a 1990, ya ɗauki shigar da kuɗi cikin asusun banki a matsayin karɓa ta hukunci, ya yafe jinkirin da tsarin aiki ya tilasta gwargwadon abin da aka saba, da sharaɗin kada mai karɓa ya sarrafa kuɗin kafin shigarsu ta tabbata. Ƙiyasta jinkirin kundin Bitcoin a kan wannan ba shi da nisa. Abin da wannan rangwame bai shafa ba shi ne sayen zinariya ko azurfa ta intanet da kirifto a aiko da su bayan kwanaki. A wurin mai ganinsa kuɗi, wannan jinkiri ne a canji, kamar dai an biya da naira.

Ranar da aka dawo da kaya

A Maris na 2021 kamfanin motoci na Tesla ya soma karɓar Bitcoin a Amurka, ya dakatar a watan Mayu. A cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai wanda ya cancanci ɗalibin fiƙihu ya tsaya a kansa: idan mai saye ya cancanci a mayar masa da kuɗi, kamfanin ne ke da zaɓi, ko ya mayar da adadin Bitcoin ɗin da aka biya, ko ya mayar da farashin motar da dala. A tsakiyar Afrilun wannan shekara Bitcoin ya haura dala 60,000, a watan Mayu ya faɗo kusa da dala 30,000.

A ƙaddara kayan dala 1,000 ne, aka biya su da Bitcoin 0.02 ranar da guda yake dala 50,000. Bayan wata ɗaya aibi ya bayyana. In Bitcoin ya hau zuwa 60,000, abin da aka biya ya zama dala 1,200, mai zaɓi zai mayar da dala 1,000 ya riƙe ragowar. In ya sauka zuwa 40,000, zai mayar da Bitcoin 0.02 wanda bai wuce dala 800 ba. Ta kowace fuska mai saye ne a ƙasa. Wannan sharaɗi ya sa abin da za a mayar ya zama abin da ba a sani ba lokacin ƙulli, ya kuma jingina saninsa ga son ran ɓangare ɗaya. Yana da wuya a sami hanyar da za a fitar da shi daga hanin da ya zo kan cinikin garari a hadisin Abu Huraira.

To in babu irin wannan sharaɗi, mene ne asali? Warware ciniki saboda aibi yana mayar da kowa inda yake kafin ƙulli, mai kaya ya karɓi kayansa, mai kuɗi ya karɓi tamaninsa. Matsalar ita ce tantance tamanin. Malaman Malikiyya sun kawo mas'ala a babin istihƙaƙi da ta yi kama da wannan ƙwarai: wanda ya sayi kaya da dinari amma ya biya dirhami, sannan ciniki ya warware, dirhamin da ya bayar zai karɓa, domin in aka ce ya karɓi dinari ya zama ya ba da azurfa jiya ya karɓi zinariya yau, wato canji mai jinkiri. In kuwa wata haja ya bayar a madadin dinarin, to dinarin da aka ƙulla a kai zai karɓa, domin bayar da hajar ciniki ne na biyu mai zaman kansa. Idan aka ɗora mas'alar kirifto a kan wannan, sakamakon ya rabu gida biyu. Mai ganin Bitcoin kuɗi zai ce a mayar da 0.02 ɗin, ya hau ko ya sauka. Mai ganinsa haja zai ce a mayar da dala 1,000. Saɓanin da aka zata na suna ne ya zama saɓanin dala 200 a aljihun mutum.

Wannan duka idan mai kanti da kansa ne ya karɓi kirifton. Idan kamfanin biya ne ya canza shi ya miƙa dala, surar ta sauya. Canjin ya gudana tsakanin mai saye da ɓangare na uku, ya kammala, warwarewar cinikin kaya ba ta rushe shi. Mai kanti dala ya karɓa, dala ce a wuyansa. In za a biya mai saye da kirifto a ranar mayarwa, sabon canji ne da farashin wannan ranar, kuma ya dace da hadisin Ibnu Umar. Wannan sura ta fi tsabta ta wata fuskar kuma: Malikiyya sun hana haɗa ciniki da canji a ƙulli ɗaya sai a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shigowar ɓangare na uku kuwa tana raba ƙullin biyu. Sai dai mai saye ya sani cewa ya rabu da Bitcoin ɗinsa tun ranar biya. In farashi ya ninka daga baya, ba shi da haƙƙin kuka.

Mai biya da naira ko dala ba ya shiga wannan ruɗani, domin kuɗin da aka yanka farashi da su su ne aka biya, su ne kuma za a mayar. Majma'ul Fiƙhi ya tabbatar a Kuwait a 1988 cewa bashi ana biyansa da misalinsa, ba da ƙimarsa ba. Ko da darajar kuɗin ta ragu a tsakani, kowa ya san adadin tun farko.

Biya kafin gani

Cinikin intanet, in kayan ayyananne ne, sayar da abin da ba ya nan ne bisa siffantawa. In kuwa siffa ce kawai a wuyan mai kanti, ya fi kusa da salam. Ibnu Abi Zaid ya halatta sura ta farko a Risala, amma ya hana a sharɗanta biyan kuɗi tun farko sai in kayan suna kusa, ko kuwa irin waɗanda ba a tsoron canzawarsu ne kamar gida da gona. Dalilin da masu sharhi suka bayar shi ne kuɗin za su yi ta kai-kawo tsakanin zama tamani in kaya sun iso lafiya, da zama rance in ba su iso ba. A bayan wannan dalili akwai kula da haƙƙin wanda ya miƙa dukiyarsa bai ga komai ba. Da wannan ma'auni, biyan kuɗi a bakin ƙofa bayan kaya sun iso shi ne mafi nisa daga shubuha cikin duk hanyoyin da ake da su, ko da yake shi ne mafi tsufa.

Katin banki biya ne kafin gani, amma yana da wata igiya a hannun mai saye. In kaya ba su iso ba, ko suka saɓa wa siffa, yana iya kai kuka bankinsa a janye biyan, galibi cikin kwana 120 a dokokin manyan kamfanonin kati. Ba kullum ake yin nasara ba, 'yan kasuwa kuma suna kokawa da masu amfani da wannan dama su ci kaya su karɓe kuɗi, wanda shi ma cin dukiya ne da ɓarna. Duk da haka zaɓin aibi da Shari'a ta ba mai saye yana samun hanyar zartuwa. A biyan kirifto haƙƙin yana nan daram a hukunce, amma zartar da shi ya koma ga amanar mai kanti kaɗai, wanda wataƙila yana wata nahiya, ba a san sunansa ba. Kuskuren tura kuɗi zuwa adireshin da ba shi ba ma ba ya gyaruwa. Wannan ba ya ɓata ƙulli a kan kansa, domin tsabar kuɗi ma haka take in an miƙa wa baƙo. Bambancin shi ne mai miƙa tsaba yana ganin fuskar mai karɓa da kayan da ke gabansa. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne tsarin da wasu kasuwanni ke bi na ajiye kirifton a hannun amintacce har mai saye ya tabbatar da isowar kaya, kamar yadda ake ajiye jingina a hannun adali.

Adalci ne a faɗi cewa tsofaffin hanyoyin ma ba duka ne suka kuɓuta ba. Katin bashi, wanda banki ke biya wa mutum ya bi shi daga baya, Majma'ul Fiƙhi ya hana fitar da shi da mu'amala da shi a zamansa na Riyad a 2000 matuƙar an sharɗanta kuɗin ruwa a kan jinkiri, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Mai biya da Bitcoin daga lalitarsa ba ya cin bashi, ba ya sa hannu kan sharaɗin ruwa. Ta wannan fuska ɗaya, biyansa ya fi na mai katin bashi tsabta. Batun arha kuwa ba shi da tabbas: kamfanin Valve ya daina karɓar Bitcoin a kantinsa na Steam a Disamban 2017 saboda ladan tura kuɗi ya kai kusan dala 20, ga kuma hawa da saukar farashi.

Akwai kuma dokar ƙasa, wadda malamai ke lura da ita a babin ƙayyade halal saboda maslaha. Babban bankin Turkiyya ya hana biyan kaya da kirifto a Afrilun 2021 ba tare da hana mallakarsa ba. A Nijeriya Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikinsa a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disamban 2023, amma bai mayar da shi kuɗin hukuma ba. Halaccin riƙewa daban, halaccin biya da shi daban.

Kirifto mai tsayayyen farashi

Saboda gudun hawa da sauka ne masu saye da yawa suka koma ga irin su USDT da USDC, waɗanda aka ɗaure kowane guda da dala ɗaya. A zahiri wannan ya kashe matsalar mayarwa, tunda ɗari yau ɗari ce gobe. Amma ya buɗe wata tambayar: mai riƙe da shi me ya mallaka? Mafi kusa shi ne alkawari ne a wuyan kamfanin da ya fitar da shi, cewa akwai dala ko makamancinta a ajiye. Ƙarfinsa ke nan gwargwadon gaskiyar wannan ajiya. A Oktoban 2021 hukumar kula da cinikin hajoji ta Amurka ta ci tarar kamfanin Tether dala miliyan 41 kan bayanan da ba daidai ba game da ajiyarsa. A Maris na 2023 USDC ya sauka ƙasa da santi 90 lokacin da bankin Silicon Valley, inda wani ɓangare na ajiyarsa yake, ya durƙushe. Kuma kaso mai yawa na irin wannan ajiya yana cikin takardun bashin gwamnatin Amurka masu kuɗin ruwa, abin da ke bukatar nazari na daban.

TerraUSD, wanda ba shi da cikakkiyar ajiyar dala a bayansa, ya rushe a Mayun 2022. Wanda ya biya kayan dala 100 da shi a Afrilu, aka mayar masa da guda 100 a ƙarshen Mayu, ya karɓi abin da bai kai dala 10 ba. Mashhurin mazhaba, kamar yadda Khalil ya tafi a kai game da fulusan da aka daina karɓa, shi ne a mayar da misali matuƙar ana samunsa. Abu Yusuf daga Hanafiyya ya tafi a kan ƙima, Ibnu Abidin ya tattauna wannan a risalarsa Tanbihur Ruƙud, Rahuni kuma daga Malikiyya na baya ya karkata ga ƙima idan canjin ya yi muni har mai karɓa ya zama kamar bai karɓi komai ba. A mas'alar TerraUSD akwai ƙarin dalili ga wannan ra'ayi na biyu, domin ɓangarorin biyu ba su karɓi wannan kirifto don kansa ba, sun karɓe shi ne a matsayin wakilin dala, kuma da dala aka rubuta farashin a shafin kanti.